Kyamarar da Ta Cika Gani

Sammani ya daɗe yana ɗaukar hoto a Bunkure da ƙauyukan bakin kanal ɗin ban-ruwa, tun zamanin da mutum kan tsaya ƙyam a gaban labule mai zanen jirgin sama, ya dafa rediyon aro. Da kyamarar fim yake aiki. In ya ɗauke ka, sai ka jira fim ya cika, ka jira ya sami motar Kano, ka jira masu wanki su ga dama. Ran da hoto ya zo, in ka fito ido a rufe ko baki a karkace, Sammani ya ce haka ka tsaya. Kai kuma ba ka da shaida, sai ka karɓa ka yi godiya. A haka ya zauna lafiya da kowa.

Ban da hoto yana noman rani kamar sauran mutane, yana da 'yar gonarsa ta tumatir a tsakiyar layin kanal. A ranin 2007 tumatir ya yi daraja, abin da ba ya faruwa sai manoma sun manta yadda ake murna. Sammani ya sayar, ya haɗa da bijimin san da ya yi kiwo, ya ce wa matarsa Murja zai shiga birni ya taya injin ban-ruwa. Da la'asar ya dawo rungume da kwali.

Murja tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi kwalin, ta dubi bayansa ko akwai mai ɗauko sauran kaya.

"Sannu da zuwa, Maigida. Ina injin?"

"Injin yana kasuwa, ba inda za shi."

"Wannan fa?"

"Kyamara ce. Dijital. Irin ta 'yan jarida."

"Ma sha Allah," in ji Murja. "San namu ne ya koma haka? Lallai ya rame."

Bai kula ta ba. Ya wanke hannu da sabulu, ya shimfiɗa sabon zanenta a kan tabarma ba tare da ya tambaye ta ba, sannan ya buɗe kwalin. Kyamarar baƙa ce wuluk, mai nauyi, tana ƙanshin sabuwar roba. Gilashin gabanta daban ya zo, dogo kamar gwangwanin madara, sai an murɗa shi ya zauna. Maɓallai kuwa ko'ina, har inda yatsa ba ya kaiwa. A bayanta akwai ɗan allo kamar na wayar hannu, a samanta kuma wata 'yar da'ira da ake juyawa, mai ƙananan zane-zane: dutse, fure, mutum yana gudu, da kan mace.

Da ita aka haɗo littafin bayani mai kauri, cikin harsunan da Sammani bai taɓa sanin ana yi ba. Ya lalubo wajen Turanci ya fara karantawa yana fassara wa Murja, duk da ba ta nema ba. Kada ruwa ya taɓa ta. Kada a bar ta cikin zafi. Kada yashi ya shige ta.

"Ruwa da zafi da yashi," in ji Murja. "To ai ban da su ba mu da komai a garin nan. Ka gaya mata Bunkure za ka kawo ta, ko ɓoye mata ka yi?"

Ya danna maɓallin kunnawa. Kyamarar ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Batir ba caji, gari kuma ba wuta. Ya naɗe batirin a hankici ya tafi wurin mai cajin waya a tasha, ya zauna kusa da janareto yana gadinsa kamar mai jinya. Duk wanda ya zo karɓar wayarsa sai ya ji labari. Kafin magariba garin ya san Sammani ya sayo kyamarar da babu irinta daga nan har Kura, alhali ba ta ɗauki ko kaza ba tukuna.

Washegari da hantsi ya ce da Murja za a fara. Ta yi kamar ba ta so, amma ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da atamfar Sallah da kwalli. Sammani ya dubi 'yar da'irar nan, ya ga dutse ya fi sauran kwarjini, ya juya ta kansa. Ya ɗaga, ya danna. Ƙarar da ta yi kaɗai ta sa shi jin bai yi asarar san nan ba.

"Zo ki gani."

"In ga me? Ba sai an kai Kano ba?"

"An wuce wannan zamanin."

Ta leƙa allon. Ya nuna mata yadda ake jawo hoto ya ƙara girma. Komai ya fito. Kwallin da ya zarce gefen ido, zufar kan hanci, da silin furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. A bayanta ga katangar da damina ta rushe aka toshe da zana, ga tukwanen jiya da ba a wanke ba, ga kaza tsaye cikin faifai.

Murja ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai gwaggona ce."

"Ke ce."

"Tsohuwar kyamararka tana da kunya, Maigida. Wannan ba a yi mata tarbiyya ba."

"Abin ai da sauƙi. In hoto bai yi miki ba, sai a goge a sake." Ya danna, hoton ya ɓace. "Kin gani? Ba fim, ba asara."

"A sake sau nawa?"

"Ko sau nawa."

Ta dube shi da irin kallon da ake yi wa wanda ya sayi jaki da dare. "In kana son kanka da lafiya, kada ka gaya wa kowa wannan."

Kafin azahar ya gaya wa kowa.

Aikin farko na kirki daga wurin Alhaji Datti ya zo. Shi ne ciyaman na ƙungiyar manoman da ke shan ruwa a layinsu, kuma gonarsa ce ta farko in ruwa ya fito daga babban kanal. Mutum ne mai son adalci ƙwarai, ba taron da zai tashi bai yi jawabi a kansa ba. Shi ya tsara rabon ruwa: yau na masu gonakin sama, gobe na tsakiya, jibi na ƙarshen layi, kuma ranar da ba taka ba ko alwala ba ka isa ka yi da ruwan ƙungiya a gonarka ba. Yanzu yana son a buga kalanda mai hoton 'yan ƙungiya gaba ɗaya a bakin kanal.

A can ƙarshen layin akwai Muhammadu Sani, manomin albasa, mutum marar yawan magana. Duk taro yakan ɗaga hannu ya ce ranar ruwansu abin da ke isowa gonarsa bai fi na wanke kwano ba. Alhaji Datti kan yi masa bayani cikin haƙuri cewa hanya ce da nisa, rana kuma tana shan nata rabon. A rubuta a littafin taro cewa an saurari ƙorafi, a shafa fatiha.

Ranar hoto ta faɗo a ranar ruwan 'yan ƙarshen layi. Manoma suka hallara a kan gaɓar kanal cikin manyan riguna masu ƙanshin adaka, waɗansu da takalmin da bai taɓa ganin laka ba. Aka kawo benci don manya. Sammani ya iso da kyamara rataye a wuya, yana tafiya a hankali don kowa ya sami damar gani. Ya jera su, dogaye a baya, ya ja da baya, ya danna.

Da a zamanin fim ne, da shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Amma Sammani ya matsa wurin benci ya miƙa allon.

"Ranka ya daɗe, duba."

Alhaji Datti ya duba. Sauran suka yi caa a kansa, kowa yana neman fuskarsa. Sakatare ya ce hularsa ta karkace, a sake. Aka sake. Ma'aji ya ce ya fito kamar mai gyangyaɗi, mutane za su ce haka yake riƙon amana. Aka sake. Wani ya ce tumbinsa bai kai haka ba. Wani ya ce an sa shi kusa da wanda ba sa ga maciji, in jikoki suka gani za su zaci aminai ne. Wani dattijo da ya fito lafiya lau ya ce shi ma a sake, tun da kowa an sake masa. Rana ta ɗaga, rigunan adaka suka jiƙe da gumi, fuskoki suka ƙara lalacewa, saboda haka aka ƙara samun dalilin sakewa. Sammani yana dannawa yana gogewa, wuyansa ya fara sanin nauyin abin da ya sayo.

Muhammadu Sani yana can ƙarshen sahu, inda ya saba. Bai nemi a sake ba ko sau ɗaya. Sai da hayaniya ta lafa ya matso.

"Malam Sammani, ni ma in ga kaina mana. Ko ban samu shiga ba?"

"Ka shiga, ga ka nan a gefe. Tsaya in jawo maka."

Ya danna maɓallin jawowa da ƙarfin hali, hoton ya zarce fuskar Muhammadu Sani, ya haye kafaɗarsa, ya tafi can nesa bayan sahu. A nan, a gefen kanal, ƙarƙashin ciyawar da aka tara da hannu, ga wani baƙin tiyo mai kauri ya tsoma kai cikin ruwa, ya haura gaɓa, ya gangara cikin wata gonar alkama kore shar. A bakinsa ruwa yana ƙyalli. Ga kuma bishiyar mangwaron nan mai reshe a karye, wadda ko makaho a Bunkure ya san a gonar wa take.

Sammani bai ga gona ba, bai ga mangwaro ba. Kyamararsa kawai ya gani.

"Kun ga ƙarfin ido ko?" ya ce, yana juya allon don kowa ya shaida. "Dubi nisan wurin nan, amma har tiyon ta kamo. Har ruwan da ke fita ana gani. Tsohuwar tawa da baƙi-baƙi kawai za ta nuna."

Fuskoki suka canza. Sai a lokacin ya sake duban allon, ya ga mangwaron, ya gane gonar Alhaji Datti ce.

Ba wai sabon labari ba ne. Duk wanda ke wurin ya sha wuce tiyon nan a kan keke, ya ɗauke kai yana duban sararin sama ko za a yi hadari a tsakiyar rani. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a taru a kalle shi tare.

Sakatare ya laluba aljihu ya ce ya baro tabaransa a gida. Ma'aji ya ƙanƙance ido ya ce shi dai kamar maciji yake gani, a yi hattara da wurin. Alhaji Datti ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya nisanta ta, ya kusanto da ita.

"Inuwa ce," ya ce.

"Inuwa mai zubar da ruwa," in ji Muhammadu Sani, a hankali, kamar mai maimaita karatu.

Tiyon yana nan a bayansu, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba. Juyawa kawai mutum zai yi. Manya-manyan mutane suka tsaya sun ba shi baya, sun kafa wa ɗan allo ido, ba wanda wuyansa ya motsa.

Alhaji Datti ya gyara murya. Ya ce shi ya je birni, ya ga abin da na'urorin zamani ke yi. Da idonsa ya ga hoton da aka ɗora kan mutum a jikin doki. Waɗannan kyamarori na kwamfuta ba ɗaukar abin da ke nan kaɗai suke yi ba, har ƙari suke yi daga cikinsu. Nan take aka sami masu shaida. Wanda ya yi ƙorafin tumbi ya ce dama ya faɗa. Ma'aji ya ce shi ma idonsa biyu a buɗe suke, ita ta rufe masa. Kafin wani lokaci taro ya tabbatar cewa kyamarar tana da matsala, kuma 'yan birni sun cuci Sammani. Har aka fara yi masa jaje.

"Goge shi, ɗana," in ji Alhaji Datti, yana mayar masa da ita. "Kada abin banza ya haɗa 'yan uwa faɗa."

Sammani ya tuna gonarsa tana tsakiyar layi, kuma ruwanta ta gaban gonar Alhaji yake biyowa. Ya sa yatsa a kan maɓalli. Allon ya tambaye shi da Turanci ko ya tabbata. Rabon da wani ya yi masa wannan tambayar har ya manta. Ya ce ya tabbata. Muhammadu Sani ya bi yatsan da kallo, sannan ya naɗe babbar rigarsa ya ɗaure a bayan keke.

Alhaji ya ce a ɗauko tsohuwar kyamara mai gaskiya a yi hoton da ita. Sammani ya ce ya bar ta a shagon birni, da ita aka cika ciniki. Aka watse ba kalanda.

A gida ya ba Murja labari yana kwance rigingine a kan tabarma.

"To ai ka ci riba," ta ce. "A da mutum ɗaya-ɗaya kake ɓata wa rai, sai bayan mako. Yanzu ga ƙungiya guda a hantsi ɗaya. Ci gaba ke nan."

Sammani ya juya ya ba ta baya. Abin da ke cin sa ba jajen da aka yi masa ba ne, kallon da Muhammadu Sani ya yi wa yatsansa ne. Don ya kori tunanin ya jawo littafin bayani, ya wuce shafukan gargaɗi, ya kai inda ake maganar 'yar da'irar nan. Ashe dutse na ɗaukar fili ne, yana fito da na kusa da na nesa tangaran. Kan macen kuwa, wanda ya tsallake don yana ganin ba na maza ba ne, na ɗaukar mutum ne: fuska ta fito, abin da ke bayanta ya dushe.

Ya tashi zaune. Ya juya da'irar, ya ja gilashin ya yi tsawo, ya kira Murja. Ta ce ita ta gama da wannan marar kunyar. Ya ɗauke ta a haka, tana cikin faɗa, da ludayi a hannu.

Ta leƙa don ta sami abin ƙarawa. Fuskarta ta fito sumul. Katangar da ta rushe ta zama wani launi mai laushi kamar labulen gidan masu kuɗi. Tukwane sun narke, kaza ta zama ɗan farin haske.

"Ina zanar?"

"Tana nan. Ba a gani ne kawai."

"To," in ji Murja, "yanzu ta fara hankali. Wannan ka wanko min babba."

Bayan kwana biyu Sammani ya sami Alhaji Datti a gona, ya ce an gyara kyamara. Ya tsayar da shi a bakin kanal, daidai inda aka yi taro, mangwaro a bayansa. Ya danna, ya miƙa. Alhaji bai fara duban fuskarsa ba, bayan ya fara dubawa. Ba komai sai kore mai daɗin ido. Ya ce a jawo. Aka jawo, kore ya ƙara zama kore.

"Ka gani ko? Na ce maka inuwa ce," ya ce. "Allah ya yi maka albarka. Wa ya gyara maka?"

Aka fasa hoton taro. Kalanda ta fito da kawunan 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, na ciyaman a tsakiya ya fi sauran girma, kowa da korensa a baya. Ta yi kyau har waɗanda ba 'yan ƙungiya ba suka nema. Daga nan aiki ya buɗe wa Sammani. Ana kiransa suna da walima har Madobi da Kura, kuma duk inda ya je magana ɗaya ce: "Irin mai shafe bayan nan za ka yi mana." Mai shagon da kantarsa ta zama fayau, mai gidan da rufinsa ya yaye, ɗan acaɓa da babur ɗin haya, kowa ya fito kamar daga shi sai jin daɗi. Waɗanda suka yi masa jaje suka ce dama sun san kyamarar nan ba ta wasa ba ce. Tiyo kuwa aka ƙara masa ciyawa.

Wajen ƙarshen rani Muhammadu Sani ya yi sallama a ƙofar gidan Sammani. Tun ranar taro ba su haɗu ba, don shi bai zo hoton kalanda ba, Sammani kuma ya koyi canza hanya. Suka gaisa, aka tambayi iyali. Muhammadu Sani ya ce ƙanensa da ke aiki a Fatakwal ya dame shi da tambayar yadda gona take, shi ne yake son a ɗauke shi a cikinta ya aika masa.

Suka hau kekuna suka bi gaɓar kanal. Tun suna ganin ruwa yana gudu, har ya koma tafiya, har ya zama laka mai kwaɗi. A gonar Muhammadu Sani fangalai sun tsattsage. Albasar ta tsaya tun ba ta yi kai ba, ganyenta ya bushe ya kwanta, ja-ja-ja har iyakar gona.

Muhammadu Sani ya kwance babbar riga daga bayan keke ya sa, ya gyara hula, ya shiga tsakiyar fangali ya tsaya.

Sammani ya ɗora yatsa a kan da'irar, ya kasa juyawa.

"Malam Muhammadu, iri biyu ne. Akwai mai fito da komai, har gonar. In shi kake so, wallahi zan ɗauka, in wanko maka, ka kai duk inda za ka kai."

"Wanne ka yi wa Ciyaman?"

"Ɗayan."

"To yi min irinsa. Ni ma ai ɗan ƙungiya ne."

Sammani ya juya da'irar, ya ɗaga kyamara. Muhammadu Sani ya yi murmushi, irin wanda ba a taɓa gani a fuskarsa a wurin taro ba. Aka danna.

Muhammadu Sani ya tako a hankali don kada ya taka abin da ya riga ya mutu, ya kare allon da tafin hannu saboda rana. Ga shi nan tsaf cikin farar riga, bayansa kuma wani ruwan zinariya ya malala har ƙarshen hoto.

Ya daɗe yana kallo, yana gyaɗa kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Albasa na shuka, ga alkama ta nuna. Wanko min guda biyu, in aika ɗaya in ajiye ɗaya."